Taƙaitaccen Tarihin Direba a Kwamfutar Tafi-da-gidanka

Gabatarwa

Cikin hutun da ya wuce na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, irin wadda ake kira 'yar Beljiyam, don in rubuta kundina na neman digiri a kanta. Ƙirar 2015 ce, jikinta garau, batir kuwa ba laifi. Da na nemi in sa mata Windows 11 sai ta ƙi hawa, wai kwamfutar ta tsufa. Wani abokina na Sashen Kimiyyar Kwamfuta ya ce in kwantar da hankalina, ya sa mini Linux. Allo ya kawo, sauti ya fito, har baƙaƙen nan namu masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, na sami yadda zan buga su. Abu ɗaya ne ya gagara, shi ne wayfai. Na kai wa wani mai gyara a kasuwa, ya dudduba, ya ce, "Ɗalibi, ai lafiyarta lau, direba ne babu." Na ce, "Malam, wane irin direba kuma, mota ce?" Duk 'yan rumfar suka fashe da dariya.

Kunyar wannan rana ce ta sa ni bin diddigin al'amarin, na kuwa tarar yana da tarihi mai tsawo, wanda ya shafi kusan kowane ɗalibi da malami a wannan jami'a, tun da galibinmu da kwamfutocin hannu muke aiki. A wannan maƙala zan fara da bayanin ma'anar direba, sa'an nan in bi tarihinsa tun daga shekarun 1970 zuwa yau, daga ƙarshe in faɗi ɗan abin da nake ganin ya kamata mu ɗauka daga ciki.

Mene ne Direba?

Kwamfuta tarin sassa ce waɗanda kamfanoni dabam-dabam suke ƙerawa. Wanda ya ƙera ƙwaƙwalwarta dabam, wanda ya ƙera sashen hoto dabam, haka na sauti, da na wayfai, da kamara. Shi kamfanin da sunansa yake bisa murfi, sau da yawa harhaɗawa kawai ya yi. A kan waɗannan sassa akwai babbar manhaja, kamar Windows ko Linux ko macOS, wadda take tafiyar da kome. To, kowane sashe da irin umurnin da yake ganewa, ita kuwa babbar manhaja ba ta iya sanin na kowa da kowa ba. Saboda haka ake rubuta wata 'yar ƙaramar manhaja da za ta karɓi umurni daga babbar, ta mayar da shi zuwa abin da sashen yake ji, ta kuma komo da amsa. Wannan 'yar manhaja ita ce direba.

Mu da muke nazarin harshe mun san mai irin wannan aiki, sunansa tafinta. A farkon zamanin Turawa, in Razdan zai gana da Sarki, sai an sami mai jin Turanci da Hausa ya tsaya tsakani. In babu shi, ga Razdan ga Sarki, kowa lafiyarsa lau, amma magana ba ta yiwuwa. Halin da kwamfutata ta shiga ke nan. In kuwa tafinta ya yi kuskure, ɓarnar ba ta tsayawa kansa shi kaɗai. Haka direba yake, domin galibin direbobi a can cikin zuciyar babbar manhaja suke aiki, inda kuskure ɗaya yake iya durƙusar da kwamfuta ɗungurungum. Duniya ta ga misalin wannan ran 19 ga Yuli, 2024, sa'ad da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika wa direbansa wani fayil mai kuskure, kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 suka tsaya cik, bisa ƙiyasin Microsoft, jiragen sama da asibitoci da bankuna suka shiga ruɗani.

Zamanin Farko

A ƙananan kwamfutoci, masomin dabarar ya koma ga wani Ba'amurke, Gary Kildall, mai babbar manhajar CP/M. Ya ga cewa duk sa'ad da sabon kamfani ya zo masa da sabuwar kwamfuta sai ya sake aiki daga tushe. Sai ya ware ɗan ɓangaren da yake hulɗa da sassan na'ura ya ajiye shi dabam, ya kira shi BIOS, sunan da ya fara bayyana a 1975. Daga nan wannan ɓangare kaɗai ake sakewa, sauran manhajar tana nan yadda take.

A watan Agusta na 1981 kamfanin IBM ya fito da tasa ƙaramar kwamfutar, da babbar manhajar DOS ta kamfanin Microsoft. IBM ya haɗa ta da sassan da kowa yake iya saye a kasuwa, ya kuma buga littafi mai bayanin ƙirarta, har da rubutun BIOS ɗin. Doka ta hana kwafar rubutun, amma ba ta hana wani ya rubuta nasa mai aiki iri ɗaya ba. Compaq ya yi haka, kwamfutarsa ta shiga kasuwa a 1983, a 1984 kuma kamfanin Phoenix ya fara sayar da irin wannan BIOS ga duk mai so. Nan take kasuwa ta buɗe, kamfanoni barkatai suka shiga ƙera kwamfutoci da sassansu, kaya suka yi araha. Amma wannan buɗi shi ne ya haifi matsalar da muke magana a kai, domin yanzu sassa sun yi yawa, kowanne da harshensa.

A 1983 DOS ta biyu ta ba da damar ɗora direbobi daga waje. Duk da haka wahala ba ta ƙare ba. Manhajar rubutu irin su WordPerfect sai ta zo da nata tarin direbobin firinta, wata manhajar ma ta zo da nata. Mai sayen katin sauti kuwa sai ya buɗe cikin kwamfuta ya daidaita wasu 'yan ƙananan maɓallai da hannu, don kada katin ya yi karo da wani sashe a kan layi ɗaya.

Firintar da Ta Tayar da Ƙura

Kafin in ci gaba dole in waiwayi wani abu da ya faru wajen 1980 a jami'ar MIT ta Amurka. A ɗakin binciken da Richard Stallman yake aiki suna da wata tsohuwar firinta mai yawan cin takarda, shi kuwa ya gyara manhajarta yadda in takarda ta maƙale za ta sanar da masu jiran aiki, wani ya je ya cire. Da kamfanin Xerox ya ba su sabuwar firinta, ita ma tana maƙalewa, sai Stallman ya nemi asalin rubutun manhajarta don ya yi mata irin wancan gyara. Ya je wurin wani masani a jami'ar Carnegie Mellon wanda yake da rubutun, mutumin ya hana shi, saboda ya riga ya sa hannu a kan alkawarin riƙe sirri.

Stallman ya sha faɗin cewa wannan hani yana cikin abubuwan da suka sa shi kafa shirin GNU a watan Satumba na 1983, don samar da manhajar da kowa yake da 'yancin karantawa, da gyarawa, da rarrabawa. Tun daga ranar aka sami ra'ayi biyu. Kamfanoni suna ganin bayanin yadda sashensu yake aiki sirrin sana'a ne, su kaɗai za su rubuta masa direba, ga manhajar da suka ga dama. Ɗaya ɓangaren yana ganin wanda ya sayi abu da kuɗinsa yana da haƙƙin sanin yadda zai yi magana da shi.

A watan Agusta na 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya ba da sanarwar zuciyar manhaja da yake rubutawa, wadda ta zama Linux. A cikin sanarwar ma ya ce mai yiwuwa ba za ta taɓa aiki da wani faifan ajiya ba sai irin wanda yake cikin tasa kwamfutar, don shi kaɗai yake da shi. Yau fiye da rabin rubutun zuciyar Linux direbobi ne.

Abin da Ya Sa Tafi-da-gidanka Ta Fi Wuya

Kwamfutar tebur, in wani sashe ya ƙi aiki, sai a zare shi a sa wani. Ta tafi-da-gidanka ba haka take ba. Tun daga irin su Toshiba T1100 ta 1985 da ThinkPad ta IBM ta 1992, ana matse sassa ne wuri ɗaya, yawancinsu a manne, abin da ka saya da shi za ka zauna. Bugu da ƙari tana da buƙatun da ta tebur ba ta damu da su ba: tattalin batir, da yin barci in an rufe murfi, da farkawa in an buɗe, da rage hasken allo, da kunna fanka in ta yi zafi.

Don wannan Intel da Microsoft suka fito da ƙa'idar APM a 1992, wadda ta bar ragamar a hannun BIOS. A watan Disamba na 1996 su biyun tare da Toshiba suka fito da ACPI, wadda ta mayar da ragamar hannun babbar manhaja. A ƙarƙashin ACPI kamfanin da ya haɗa kwamfuta yana ajiye bayani a cikinta, babbar manhaja ta karanta ta san yadda za ta sa ta barci ko ta duba batir. A takarda ƙa'ida ce ta kowa da kowa. A aikace kuwa galibin kamfanoni da Windows kaɗai suke gwada bayanin, in ya yi aiki a nan shi ke nan, ko da akwai kuskure a ciki.

A nan ne na ci karo da abin da ya fi ba ni mamaki. ACPI ta ba kwamfuta damar tambayar babbar manhaja ko ita wace ce. Masu Linux sun lura cewa in ta amsa da sunanta, kwamfuta takan bi da ita ta hanyar da ba wanda ya taɓa gwadawa. Saboda haka tun 2007 Linux ta daina amsa sunanta ga wannan tambaya, in kuwa an tambaye ta ko ita Windows ce, sai ta ce i. Watau baƙo ne ya ga ba a buɗe ƙofa sai ga ɗan gida, ya ari sunan ɗan gida.

Kayan da Ba Su Jin Kowa Sai Windows

A ƙarshen shekarun 1990 aka shiga yayin wani irin modem mai araha da ake kira Winmodem. Don a rage kuɗi, an cire masa yawancin kayan cikinsa, aka ɗora aikin a kan direba da ƙwaƙwalwar kwamfuta. Direban kuwa na Windows ne kawai. Kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa da shi suka zo, saboda haka mai Linux yana ganin ramin wayar tarho a jikin kwamfutarsa amma ba shi da amfani gare shi.

Da wayfai ya zo sai labarin ya maimaita kansa. A 2003 aka fito da wata dabara mai suna NDISwrapper, wadda take ɗaukar direban Windows ta ruɗe shi ya yi aiki cikin Linux. Ta taimaki mutane ƙwarai, amma zanen aro ba ya rufe katara: in ya sami matsala ba mai iya gyarawa, tun da ba wanda ya ga cikinsa. Wasu kuma suka bi hanya mai wuya, irin wadda Compaq ya bi da BIOS. Ga sassan wayfai na kamfanin Broadcom, ƙungiya ɗaya ta zauna ta nazarci yadda direban kamfanin yake aiki ta rubuta bayani, wata ƙungiya dabam, wadda ba ta taɓa ganin na kamfanin ba, ta rubuta sabon direba daga bayanin. Duk da haka sashen yana buƙatar wata 'yar manhaja ta kamfanin da ake loda masa duk sa'ad da aka kunna, wadda ba a yarda a rarraba ta tare da Linux ba. Sai mutum ya sauko da ita daga intanet kafin ya sami intanet.

Windows Ma Ba Ta Tsira Ba

Kada mai karatu ya ɗauka masu Linux kaɗai suka sha wannan wuya. Windows 95 ta zo da alkawarin cewa da ka jona sabon sashe za ta gane shi da kanta, amma abin ya yi ta ƙi, har Turawa suka riƙa zolaya cewa in ka jona sai ka haɗa da addu'a. A watan Afrilu na 1998, a taron baje kolin COMDEX a birnin Shikago, wani ma'aikacin Microsoft ya jona sikana ga Windows 98 a gaban jama'a, Bill Gates yana tsaye kusa da shi, sai allo ya koma shuɗi, kwamfuta ta tsaya. Gates ya mayar da abin raha, ya ce ai shi ya sa ba su fitar da ita kasuwa ba tukuna.

Babbar girgiza ta zo da Windows Vista a watan Janairu na 2007. Microsoft ya sake tsarin direbobin hoto da na sauti, ya kuma wajabta sa hannu a kan direbobin da za su shiga zuciyar nau'inta mai bit 64. Manufar mai kyau ce, amma kamfanoni da yawa ba su shirya ba. Tsofaffin firintoci da sikanoni suka zama kayan kallo. An kuma sayar da kwamfutoci masu sashen hoto na Intel 915 da tambarin cewa sun dace da Vista, alhali ba su da sabon direban da zai nuna ƙawarta, har maganar ta kai kotu. Takardun da shari'ar ta fito da su a 2008 sun nuna cewa kusan kashi 29 cikin 100 na faɗuwar Vista da aka ƙidaya a 2007 direbobin Nvidia ne sanadi. Jama'a kuwa Vista suka zaga.

Zamanin Sulhu

Daga 2007 abubuwa suka fara sauyawa. A watan Janairu Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da Linux, ya yi wa kamfanoni tayin rubuta musu direba kyauta in za su ba da bayanin sassansu. A watan Mayu Dell ya fara sayar da kwamfutoci da Ubuntu a kansu, a watan Satumba kuma AMD ya fara buɗe bayanin sassansa na hoto. Atheros ya saki buɗaɗɗen direban wayfai a 2008, Broadcom ya bi sahu a 2010.

Nvidia ne ya daɗe yana turjiya. A 2010 ya fito da fasahar Optimus, inda kwamfuta take da sashen hoto biyu, mai ƙarfi da mai tattalin batir, direba yana zaɓen wanda zai yi aiki, amma bai yi wa Linux tanadi ba. A watan Yuni na 2012, a Jami'ar Aalto ta Finlan, wata mata ta yi wa Torvalds kukan wannan matsala, shi kuwa ya ce Nvidia ne kamfani mafi wuyar sha'ani da suka taɓa hulɗa da shi, ya juya ga kamara ya yi masa daƙuwa irin ta Turawa, da yatsa ɗaya. Sai a watan Mayu na 2022 kamfanin ya buɗe rubutun ɓangaren direbansa mai shiga zuciyar Linux. Masu ra'ayin 'yanci su ma sun sassauta: bayan ƙuri'ar da suka kaɗa a 2022, Debian 12 ta fito a watan Yuni na 2023 ɗauke da 'yan manhajojin kamfanoni da sassa irin na wayfai suke buƙata.

Amma a ganina maganin da ya fi kowanne shi ne wanda ƙa'idar USB ta kawo daga 1996. Maimakon kowane sashe ya zo da harshensa, sai aka yarda a kan harshe ɗaya ga kowane jinsi: duk linzamin kwamfuta da allon maɓallai su bi ƙa'ida guda, duk filashi ma haka. Shi ya sa kowane filashi ka jona wa kowace kwamfuta yake aiki ba tare da neman kome ba. Wanda ya taɓa shiga Kasuwar Kurmi ya ga Buzu da Babarbare da Bayarabe suna ciniki da Hausa ya san wannan hikima. Inda aka sami harshen kasuwa, tafinta ɗaya ya isa.

Kammalawa

Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, ta shar'anta sashen tsaro na TPM 2.0, ga ƙwaƙwalwar Intel kuma galibi sai daga zubi na takwas, wanda ya fara fitowa a 2017. Ran 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya kawo ƙarshen kula da Windows 10, in ban da ƙarin wa'adin gyaran tsaro zuwa Oktoba na 2026 ga waɗanda suka yi rajista. Kwamfutocin da Turai da Amurka suke zubarwa saboda wannan, da yawansu kasuwanninmu za su ƙare, mu ne kuma za mu saya. Tarihin da na bayar ya nuna cewa sau da yawa ba ƙarfe ne yake mutuwa ba, kamfani ne yake daina rubuta masa direba. Wanda aka buɗe rubutun direbansa yana iya daɗewa ana amfani da shi ko bayan kamfanin ya juya masa baya.

Tawa kwamfutar dai ta warke cikin sauƙi. Mai gyaran ya jona wayata da ita ta igiyar USB, intanet ya shigo nan take, ya sauko da abin da ya rage, wayfai ya kawo. Darasin da na koya shi ne, rigakafi ya fi magani. Duk wanda zai sayi ta hannu, ya tafi da filashi mai ɗauke da babbar manhajar da yake nufin amfani da ita, in Linux ce ya tashe ta daga filashin tun a rumfa, ya gwada wayfai da sauti da kamara, ya rage haske, ya rufe murfi ya buɗe ya ga ko za ta farka. In Windows 11 yake so, ya duba zubin ƙwaƙwalwar kafin ya biya.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga malamanmu da 'yan wannan ƙungiya. Kalmar direba ta riga ta zauna a bakin masu gyara, ba na kuwa cewa a kore ta. Amma Bahaushe in ya ji direba, mota yake tunawa, kamar yadda na yi har aka yi mini dariya. Ina ganin a rubuce-rubucenmu na koyarwa ya kyautu mu duba ko kalmar tafinta za ta fi kai mai koyo ga ma'ana. Na bar wa masana su yanke hukunci. Allah ya sa mu dace, amin.